Tseren Motoci da Kwamfuta: Yadda Ake Tara Maki a Wasan Mario Kart

A hutun makaranta da ya gabata ne kawun yarana, wanda yake aiki a ƙasar waje, ya aiko musu da wata 'yar na'urar wasa mai suna Nintendo Switch, da wasan tseren motoci a cikinta. Kwana uku aka yi ana murna a gidan. Ran na huɗu ina zaune a ƙofar ɗaki ina shirya darussan zangon karatu mai zuwa, sai na ji ƙara daga ciki. Ashe babban ɗana ne, mai shekara 13, ya yi jifa da linzamin wasan, aka yi sa'a ya faɗa kan katifa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce da ni, idanunsa cike da ƙwalla, "Baba, wallahi na'urar nan maguɗi take yi. Ni ne a gaba tun da aka tashi, saura ƙiris in tsallake layi ta buge ni, na ƙare na shida."

Na san kuɗin sabon linzami, na kuma san albashin malamin makaranta. Da farko na yi niyyar in kulle na'urar a akwati kowa ya huta. Amma da na yi tunani sai na ga yaron da ya saba ɗora wa na'ura laifi yau, gobe malami zai ɗora wa idan ya faɗi jarrabawa. Don haka na ɗauko littafi da fensir na zauna kusa da shi, muka shiga binciken yadda wasan yake aiki. Abin da muka gano shi ne nake so in kawo wa masu karatu, domin na san akwai gidaje da yawa a unguwanninmu da irin wannan na'ura ta shiga, ga kuma shagunan da yara suke biyan kuɗi su yi wasa.

Asalin wasan

Kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto ne a ƙasar Japan, an kuma kafa shi tun 1889, lokacin da sana'arsa buga karta ce. A 1992 ya fito da wasan Super Mario Kart a ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. A wannan wasa na farko direbobi takwas ne suke tsere, kowane kofi yana da tsere biyar, kowane tsere kuma zagaye biyar. Na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, na uku 3, na huɗu 1. Wanda ya zo na biyar ko ƙasa da haka bai sami komai ba, sai ya sake tseren, kuma damar sakewar ƙidayayya ce.

A 1996 Mario Kart 64 ya fito a Japan, aka mai da kofi tsere huɗu. A nan ne 'yan wasa suka gano wata dabara: tun da wasan yana barin mutum ya yi ta sake tsere ba iyaka muddin ya zo na biyar ko ƙasa, to wanda ya ga na ɗaya ya kuɓuce masa sai ya taka birki da gangan ya bari a wuce shi, ya sake daga farko. A 2008 wasan na'urar Wii ya ƙara direbobi suka zama 12. Mario Kart 8 ya fito a 2014, sai kuma Mario Kart 8 Deluxe a 2017, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Tsakanin 2022 da 2023 an ƙara masa hanyoyi 48 ga mai son saye, suka zama 96. A 2025 an fito da Mario Kart World mai direbobi 24. Wanda yake gidanmu shi ne na 2017, kuma a kansa bayanin da ke tafe ya tsaya.

Lissafi kafin tuƙi

Abu na farko da na sa yaron ya rubuta a littafi shi ne jadawalin maki. A gasar kofi akwai tsere huɗu da direbobi 12, ɗaya kai ne, sauran 11 na kwamfuta ne. Na ɗaya yana da maki 15, na biyu 12, na uku 10, na huɗu 9, daga nan kuma ana rage ɗai-ɗai har zuwa na 12 wanda yake da maki 1. Ke nan iyakar abin da mutum zai tara a kofi guda maki 60 ne, kuma wanda ya cika 60 ɗin shi ne ake ba kofin zinariya da taurari uku.

Mai karatu ya lura da cewa jimillar maki ce take ba da kofi. Ga misali. A ce ka zo na ɗaya sau uku, ka tara 45, a tsere na huɗu kuma ka yi sakaci ka ƙare na takwas, aka ba ka 5, ka tashi da 50. Wani direban kwamfuta kuwa ya zo na biyu sau uku, ya tara 36, ya cinye tseren ƙarshe ya ƙara 15, ya tashi da 51. Shi ke nan ya ɗauke kofin, alhali sau uku kana shan gabansa. Kuma dabarar nan ta 1996 ba ta aiki a nan, domin wannan wasan ba ya barin a sake tsere guda a tsakiyar kofi; wanda ya fasa, daga tseren farko zai koma.

Saboda haka duk lokacin da aka gama tsere aka nuna jadawali, kada a yi saurin danna maɓalli a wuce. A tsaya a duba wane ne yake biye. Za a ga direba ɗaya ko biyu na kwamfuta kullum su ne suke manne da kai a sama, kuma su ne abokan hamayyarka na gaskiya a wannan kofi. Kafin tseren ƙarshe a yi ɗan lissafi. A misalin da na bayar, abokin hamayya ba zai wuce 51 ba komai ƙoƙarinsa, kai kuwa kana da 45, wato maki 7 kake bukata, kuma na shida ma yana samun 7. Wanda ya san haka ba zai jefa motarsa cikin wata gajeriyar hanya mai haɗari ba, sai fa idan taurari uku yake nema. Haka kuma idan aka buge ka ka koma baya, kada ka saki linzami don fushi, domin kowace mota ɗaya da ka wuce aƙalla maki ɗaya ne, kuma da maki ɗaya ake rasa kofi kamar yadda muka gani.

Shin kwamfuta tana maguɗi?

Ƙorafin yaron yana da ɗan tushe. A wasan 1992 direbobin kwamfuta suna da nasu makamai na musamman da ba sa ƙarewa, Bowser yana jefa wuta, Yoshi yana jefa ƙwai, ba tare da sun ɗauko daga ko'ina ba. Wasan 1996 kuma ya yi suna wajen abin da masu wannan harka suke kira igiyar roba, wato idan ka yi wa motocin kwamfuta nisa sai a ƙara musu gudu su kamo ka, kamar an ɗaura su a jikinka da roba. Masu ƙera wasannin tsere suna yin haka ne don kada tsere ya zama ba daɗi, mutum shi kaɗai a hanya.

A wasan 2017 babban abin da yake daidaita tsere shi ne rabon makamai. Akwai akwatuna masu alamar tambaya a kan hanya, duk wanda ya bi ta cikinsu zai sami wani abu, amma abin da zai samu ya danganta da nisansa daga na gaba. Wanda yake kan gaba yawanci kwabo yake samu, ko ɓawon ayaba, ko koren ƙoƙon kunkuru. Na tsakiya suna samun jan ƙoƙo da naman kaza mai ƙara gudu. Na can baya su ne ake ba manyan kaya, irin su tauraro, da walƙiya, da harsashin da yake ɗaukar mota ya ruga da ita gaba. Wannan ƙa'ida a kan kowa take, da kai da su. Na ce da yaron, ranar da ka koma na 11 aka ba ka harsashi ya kai ka na huɗu, ai ban ji ka ce maguɗi ba. Ya yi shiru.

Tashi da shan kwana

Tsere yana farawa tun kafin motoci su motsa. Ana ƙirga 3, 2, 1. Wanda ya danna totur jim kaɗan bayan lamba 2 ta bayyana, ya kuma riƙe, motarsa za ta tashi da ƙarfi ta wuce na kusa da ita. Wanda ya yi gaggawa ya danna tun a 3, inji zai tuƙe da hayaƙi a bar shi a tsaye. Wannan tashi yana da muhimmanci domin tsakiyar ayari nan ne wurin da jifa ya fi yawa, kuma duk wanda ya fita daga cikinsa da wuri ya tsira daga rabin wahala.

Babbar fasahar wasan kuwa ita ce zamiya a kwana. Ana danna maɓallin R mota ta yi ɗan tsalle, a riƙe shi ana juya sitiyari, sai motar ta shiga kwanar a karkace. Idan aka ci gaba da riƙewa tartsatsi zai fito daga tayoyin baya, da farko shuɗi, sannan ruwan goro, sannan shunayya. Da an saki maɓallin mota za ta yi wani irin zabura, kuma gwargwadon launin da aka kai, gwargwadon daɗewar zaburar. A fara zamiya kafin a isa kwanar, a kuma matsa cikinta sosai, domin wanda ya bi ta waje ya ƙara wa kansa tafiya. Akwai wani taimakon tuƙi da yake hana mota fita daga hanya, ana gane an kunna shi idan aka ga 'yar eriya a bayan motar. Yana da amfani ga ƙananan yara, amma muddin yana kunne ba a samun tartsatsi na uku. Sai da muka yi mako guda kafin muka gane namu a kunne yake tun ranar da aka buɗe na'urar.

Akwai wasu ƙananan zaburori da ba a biyan komai a kansu. Duk inda mota za ta yi tsalle daga tudu, a danna R daidai lokacin tashi, direba zai yi wasa a sama ya sauka da ƙarin gudu. Wanda ya laɓe daidai bayan wata mota na ɗan lokaci, iska za ta ja shi ya wuce ta, sai dai a duba ko tana jan ɓawon ayaba a baya. A wuraren da hanya take hawa bango ko ta kife, inda tayoyi suke kwantawa su yi haske, karo da wata mota ma gudu yake ƙarawa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan 'yar kaɗan ce, amma a zagaye uku sukan taru su zama tazarar da za ta cece ka idan aka buge ka.

Kwabban da suke warwatse a hanya su ma ba ado ba ne. Kowane kwabo yana ƙara wa mota gudu kaɗan, har zuwa goma. Idan aka buge ka ko ka faɗa rami, uku za su zube. Saboda haka a zagayen farko a himmatu wajen cika goma, ko da za a ɗan kauce daga layi, in kuma sun zube a sake tattarawa. Mota mai kwabo goma da mota mai kwabo biyu ba gudunsu ɗaya ba, ko da direba ɗaya ne yake tuƙa su.

Makami a hannu ya fi makami a hanya

Kuskuren da na ga yara sun fi yi shi ne jefar da duk abin da suka samu nan take. Wanda yake kan gaba ba shi da wanda zai jefa, abin da yake bukata shi ne garkuwa. Idan ka sami ɓawon ayaba ko ƙoƙo, ka danna maɓallin L ka riƙe, abin zai riƙa bin bayan motarka. Jan ƙoƙo yana bin mutum duk inda ya karkata, amma idan ya zo ya tarar da ɓawon ayaba a baya, a nan zai fashe. Wasan yana nuna alama a ƙasan allo idan wani abu yana tahowa, akwai kuma maɓallin waiwaye. A wannan wasa ana iya riƙe abu biyu, sai dai ba a musanya su, dole na farko ya fita kafin na biyu. Don haka inda aka ga akwati mai hawa biyu a nufe shi, domin idan garkuwa ɗaya ta tafi akwai wata.

Naman kaza kuma ɓarna ce a ƙone shi a kan miƙaƙƙiyar kwalta. Ciyawa da yashi suna rage wa mota gudu, amma mai naman kaza yana ratsa su kamar ba komai, don haka a adana shi sai an zo kwanar da za a iya yanke ta ta cikin ciyawa. Jan ƙoƙo ma a san wanda za a jefa. Idan abokin hamayyarka ne a gaba, mafi alheri a same shi kusa da layin ƙarshe, ko lokacin da yake shawagi a kan rami, domin a nan ne wasu motoci za su wuce shi makinsa ya ragu. Kowace mota da ta shiga tsakaninka da shi riba ce a jadawali.

Shuɗin ƙoƙo

Wannan shi ne abin da ya sa aka yi jifa da linzami a gidana. Tun 1996 yake cikin wasan, kuma aikinsa ɗaya ne, ya nemi wanda yake na ɗaya ya fashe a kansa. Ɓawon ayaba ba ya tare shi. Amma akwai magani. Na farko shi ne babban ƙaho, wani jan akwati da akan samu jefi-jefi. Idan aka busa shi lokacin da ƙoƙon yake kewaya saman mota, zai tarwatse. Wanda ya sami ƙaho yana kan gaba, ya riƙe shi kamar kuɗin makaranta. Na biyu shi ne naman kaza, a danna daidai lokacin da ƙoƙon zai faɗo, sai dai wannan yana son gwaji da yawa. Na uku, idan alama ta nuna yana tahowa tun da nisa, kuma na biyu yana dab da kai, ka sassauta ya wuce, kyautar ta zama tasa, amma ka ba shi wuri domin fashewar tana kama na kusa.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to sai haƙuri, kuma a nan ne amfanin tazara yake fitowa. Wanda ya yi zamiya a kowace kwana ya cika kwabbansa, sau da yawa za a buge shi ya tashi ya tarar har yanzu shi ne a gaba. A yi ƙoƙari kawai kada abin ya same ka a kan rami. Haka walƙiya take, tana ƙanƙantar da kowa ta zubar da abin da yake hannu, kuma na gaba shi ya fi daɗewa a ƙanƙance, don haka da ta wuce a nufi akwati na gaba a nemi sabuwar garkuwa.

Zaɓen direba da yin atisaye

Manyan direbobi irin su Bowser da Wario sun fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma idan aka tsayar da su sukan daɗe kafin su murmure. Ƙanana irin su Toad suna saurin tashi, sai dai ana ture su cikin sauƙi. Ga mai koyo, matsakaici irin Mario ko Yoshi ya fi, tare da ƙananan tayoyin nan masu suna Roller, domin suna saurin tashi suna kuma saurin kawo tartsatsi. A tseren da jifa ya yi yawa, motar da take murmurewa da wuri ta fi wadda take da gudu a takarda.

Ajin inji biyar ne: 50, 100, 150, sai na madubi inda ake juya hanya hagu ta koma dama, sai kuma 200. Kamar makaranta ne, bai kamata mai koyo ya tsallake aji ba. Wanda ya ci kofi a 150 ana rubuta masa shi a 100 da 50 ma. A 200 gudu ya yi yawa har sai an riƙa taɓa birki a tsakiyar zamiya. Hanyar da ta gagare ka kuwa, ka je sashen gwajin lokaci, inda kai kaɗai ne da naman kaza uku, babu mai jifa. A can ana iya bin inuwar motar ma'aikatan kamfanin a ga inda suke fara zamiya da inda suke yanke kwana. Hanyar Bakan Gizo ta 1992, wadda aka dawo da ita a wannan wasa, ba ta da shinge ko ɗaya, kuma babu mai cin ta sai wanda ya haddace kwanoninta.

Bayan mako uku yaron ya cika maki 60 a ajin 100. A 150 har yanzu 57 ne mafi yawan abin da ya samu a kofin ƙarshe, kuma yanzu idan ya rasa yakan faɗa mini kwanar da ya yi kuskure. Mun kafa doka a gida: sai an gama aikin makaranta, kofi ɗaya ga kowane yaro, a rubuta maki a littafi, wanda kuma ya yi jifa da linzami ya huta mako guda. Ina kira ga iyaye su riƙa leƙa shagunan wasa, domin inda yara suka fara sa kuɗi a kan wanda zai ci, wasa ya ƙare caca ta fara. Jadawalin makin kuwa na kai shi aji na ba ɗalibai aikin tarawa da ɗebewa da shi, na ga yaran da suke ɓuya a bayan aji suna rige-rigen ɗaga hannu, wani har yana cewa, "Malam, ai na shida ma ya ishe shi." Ni kaina dai har yanzu ina ajin 50 da 'yar eriyata a baya, kuma ƙaramar 'yata ta yi alkawarin koya mini zamiya idan an sake yin hutu.